Yadda ɗan fansho a Amurka zai kauce wa tarar haraji

Mai aikin albashi a Amurka ba ya cika shan wahalar lissafin haraji, domin kafin kuɗi su iso hannunsa an riga an yanke na gwamnati. Da ya yi ritaya sai lamarin ya sauya. Kuɗi su riƙa shigowa ta ƙofofi dabam-dabam: ga fansho, ga Social Security (kuɗin tsufa da gwamnati ke biya), ga ribar hannun jari. Daga fansho ana yanka, amma Social Security da ribar jari cif suke zuwa in ba ka nemi a taɓa su ba, alhali har kashi 85 cikin 100 na Social Security na iya shiga lissafin haraji. Hukumar haraji ta IRS kuwa so take a riƙa biya yayin da ake samu. Wanda ya bari sai Afrilu, lokacin miƙa takardar harajin shekara, tara za ta hau kansa, ana lissafa ta kamar kuɗin ruwa: kashi 8 a shekara a 2024, kashi 7 a 2025. Abin na ba ni takaici, don dattawan da wannan ke samu ba ƙin biya suka yi ba.

Fara da ɗauko fom 1040 na bara, wato takardar harajin shekara, ka duba layi na 24, jimillar harajinka. Idan abin da za a yanke maka bana ya kai wannan adadi, ka tsira, ko da samunka ya ƙaru. Wanda samunsa na bara ya haura dala 150,000, shi sai ya kai kashi 110 na harajin bara. Haka kuma babu tara in ka biya kashi 90 na harajin bana, ko ragowar bashin bai kai dala 1,000 ba. Ni dai ma'aunin bara na fi so, don lamba ce a rubuce, ba hasashe ba.

Daga nan sai ka duba takardar fanshonka, ka ninka yankan wata sau 12. A ce harajin bara dala 6,000 ne, ana kuma yanke maka 350 duk wata: 4,200 ke nan, saura 1,800.

Yanzu cike giɓin. Ka aika wa masu biyan fanshonka fom W-4P su ƙara yanka, ko ka cike W-4V a riƙa cire kashi 7, 10, 12 ko 22 daga Social Security. In ka fi son biya da hannunka, akwai fom 1040-ES na biyan ƙiyasin haraji, sau huɗu: 15 ga Afrilu, Yuni, Satumba da Janairun shekara mai zuwa. Sai dai rana ɗaya ta kuɓuce, tara ta fara ƙirga.

Ga inda dabarar take. Kuɗin da ka aika da kanka, a ranar da ka biya ake rubuta shi. Wanda aka yanke tun daga tushe kuwa, IRS na ɗaukarsa tamkar an raba shi daidai a tsawon shekara, ko da a Disamba aka yanke. Saboda haka in ka farga a makare, ba a rasa komai ba. Mai asusun IRA (asusun ajiyar kuɗin ritaya), musamman wanda ya kai shekara 73 da doka ta wajabta masa cire wani kaso duk shekara, sai ya cike W-4R ya ce a yanke abin da zai toshe giɓin gaba ɗaya daga cirar ƙarshen shekara. Kada dai a kai ƙarshen Disamba, kamfanonin da ke riƙe da asusun na bukatar kwanaki.

In kuwa tarar ta riga ta zo, ka nemi afuwa da fom 2210. Wanda ya yi ritaya bayan cika shekara 62, ko ya samu naƙasa, a shekarar harajin ko wadda ta gabace ta, ana iya yafe masa muddin ya kawo uzuri mai ma'ana, ba sakaci ba. Ka haɗa da bayani a rubuce da takardar da ke nuna ranar ritayarka da shekarunka a lokacin.