Kare Huhun Yaro Mai Na'urar Numfashi Bayan Tiyatar Zuciya

Ciwon huhu kan bayyana ne bayan awa 48 da sanya wa yaro bututun numfashi a maƙogwaro, galibi saboda yawu ko ruwan ciki ya zurara zuwa huhu. A ɗaga kan gado digiri 30 zuwa 45, sai dai idan an bar ƙirji a buɗe, nan likitan tiyata ne zai ce. A wanke hannu kafin taɓa bututu, a goge bakin yaro duk awa 2 zuwa 4.

Wani abin da ake sakaci da shi shi ne raɓar da ke taruwa cikin tiyon na'urar numfashi: a zubar da ita kafin juya yaro, kada ta gangara cikin huhunsa. Kullum a duba ko zai iya numfashi da kansa. In zazzaɓi ya zo, majina ta canza launi, a ɗebi samfurin majinar don gwaji kafin fara magani.