Yadda za ka auna ko digirin injiniyan lantarki zai mayar maka da kuɗinka

Ƙanena ya tambaye ni ko wannan digirin zai biya wahalarsa. Na ce ya ɗauko takarda da biro mu yi lissafi.

Ka fara rubuta kuɗin makaranta, na littattafai da na kwamfuta, na shekara 4 ko 5. Sannan ka ƙara abin da mutane ke mantawa da shi: albashin da za ka samu a shekarun nan da aiki ka kama. Jimlar ita ce jarinka.

Daga nan ka nemi injiniyoyi uku, ka tambaye su abin da suke samu a shekara. Daga matsakaicin abin da suka faɗa, ka cire abin da mai wayarin da bai je jami'a ba yake samu, ka raba jarin da ragowar. Abin da ya fito shi ne shekarun da za ka yi kafin ka fara cin riba.

Ni dai abin da ya fi damuna shi ne reshen da za ka bi, don takarda ɗaya ce amma kasuwa kala-kala. A fannin sarrafa injinan masana'antu na samu gindin zama, kuma PLC (ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa injinan) da na koya lokacin sanin makamar aiki shi ya samo mini aikin farko. Ka riƙe MATLAB (manhajar lissafin injiniyoyi) da ETAP (manhajar nazarin tsarin wutar lantarki) tun kana aji uku. In ka fita, kada ka yi sanya wajen neman lasisin injiniya, domin da shi ake sa hannu a zanen wutar gini, kuma aikin yana da kuɗinsa daban.