Kafin ka kama hanyar Cintabaradan, leƙa ƙarƙashin motarka

Mai Land Cruiser ko Hilux, shiga ƙarƙashi da tocila tun kana Tawa. Kama kardan, wato doguwar sandar ƙarfen da ke kai ƙarfin inji ga tayoyi, da hannu biyu ka girgiza shi. In ka ji ƙwas-ƙwas, kurzuyon, wato gaɓar da ke bakin kardan, ya ci, canza shi nan gareji, don in ya tsinke a hanya sai kwana a daji. In lafiya yake, ɗura masa giris har sai tsohon baƙin ya fito.

Buɗe bulon ɗin zuba mai na fon, wato tukunyar giya da ke tsakanin tayoyi biyu, ka sa yatsa. Man 80W-90 ya kamata ya taɓo bakin ramin. In ya yi fari kamar nono, ruwan ƙorama ya shiga lokacin damina, zubar da shi duka.

Farantin kariya na ƙarƙashin mota kuwa, ni na fi son ƙarfe mai kaurin milimita 4 zuwa 6, daga ƙarƙashin radiyeta har buwat, wato akwatin giya. A ɗaure shi da bulon a jikin shasi. Kar mai walda ya liƙe maka shi, gobe za ka so cire shi. A huda rami daidai wurin juye mai. Busasshiyar ciyawa tana taruwa a samansa kusa da salansa, tana iya kama wuta, kakkaɓe ta kowane zango.

Da ka hau kwalta, cire 4x4.