Canza robar wuyan jigon jirgin ruwa: inda aka fi yin kuskure

A jirgin ruwa mai tafiya da iska wanda jigonsa ya huda doron jirgin ya sauka har ƙasan ciki, akwai roba da ake ɗaurawa a bakin ramin don kada ruwa ya bi jigon ya shiga ɗaki. Rana ce ke cinye ta har ta tsage. Sai dai da yawa sukan sa sabuwa, ruwan sama na farko kuma yoyo ya dawo.

Yawanci laifin ba na robar ba ne. A bayan jigon alminiyom akwai kwarmi mai tsawo inda ake zura bakin zanen iska. Duk yadda ka matse kilif, wato zoben ƙarfen da ke riƙe robar sama da ƙasa, ba zai shiga wannan kwarmin ba, ruwa kuwa nan yake bi ya wuce ta ƙarƙashin robar. Ka wanke wurin da asiton, ruwan sinadari mai goge maiƙo, ka cika kwarmin da gam mai hana ruwa daidai inda kilif na sama zai zauna, ka yi wa saman gam ɗin gangare don ruwa ya zube waje, ka bari ya bushe sarai. Ni dai da wannan nake farawa kafin komai.

Akwai kuma ruwan da ke shiga cikin jigon kansa ta ƙofofin igiyoyi. Wannan ba ruwan roba da shi. Ka duba hudar da ke gindin jigon, kada datti ya toshe ta. In kana son tantance inda yoyon yake, ka zuba ruwa da tiyo daga ƙasa kana hawa sama sannu a hankali, wani na ciki yana kallo.

Wajen ɗaurawa, a kife ake fara sa robar: ka matse kilif na sama, sannan ka juyo ta ƙasa ta rufe shi, kana ka ɗaure na ƙasa a bakin ramin. Kada ka ja ta tamau, domin jigo yana ɗan motsi idan iska ta cika zanen. Mai naɗa salatif ɗin roba mai manne kansa kuma ya faro daga ƙasa, kowane zagaye ya hau kan na bayansa kamar kwanon rufi.

Kada ka kusanci gam ɗin 3M 5200 a nan. Kamunsa na da ƙarfi ƙwarai, ranar cire jigo za ka sha wuya. Haka masu zuba Spartite, wato ruwan roba mai daskarewa a tsakanin jigo da bakin rami, a madadin weji da ake cusawa a tokare jigon, su shafa basilin a jikin bakin ramin tukuna, in ba haka ba jigo ya manne da jirgi.

Kilif ya zama na ƙarfen da ba ya tsatsa. A ƙarshe ka ɗinka wa robar riga ta tamfol mai jure rana, don kada baɗi ka sake wannan aikin.