Yadda ake buga kartar Pinokul, wasan da 10 ke cinye sarki

Pinokul wasan karta ne da ya yi ƙarfi a Amurka, Jamusawan da suka yi ƙaura can a ƙarni na 19 su suka je da shi, kuma har yanzu a kudancin Jamus ana buga ɗan'uwansa da suke cewa Binokel. Salonsa da yawa, akwai na mutum biyu akwai na uku, amma wanda zan nuna muku na mutum huɗu ne, bibbiyu, kowa na fuskantar abokinsa. In dai Whot kawai ka iya to ka ɗan gyara zama, nan ba a rige-rigen ƙarar da kati, maki ake tarawa.

Mataki na farko, haɗa kartar. Kati 48 ake so. Ba sai ka nemo kartar Pinokul ta musamman ba, sayi kwalin karta biyu irin wadda aka saba gani, ka ware duk 2 zuwa 8 da joka ka ajiye gefe. Abin da ya rage shi ne 9, J, Q, K, 10 da A na kowane gida, kowanne guda bibbiyu. Gidajen huɗu ne, jajaye biyu wato kubi da zi, sai baƙaƙe biyu, mai kan mashi da mai ganye uku. Girmansu kuwa a haka yake: A ne babba, sai 10, sai K, sai Q, sai J, 9 ne ƙarami. Ka sake duba jerin nan da kyau, 10 ta fi sarki, kuma wallahi nan ne duk sabon shiga yake shan kashi, zai yarda K yana murmushi a zatonsa ya ci sai wani ya ɗora 10 ya kwashe.

Na biyu rabo ne, ba wani dogon zance. A cakuɗa, a yanka, a raba uku-uku har kowa ya samu 12.

Na uku shi ne tayi, kuma ni a ganina nan wasan yake gaba ɗaya. Kamar gwanjo ne. Wanda ke hagun mai rabo shi ke farawa, ya faɗi makin da yake ganin shi da abokinsa za su iya kawowa a wannan rabon, yawanci daga 250 ake tashi a dinga ƙara goma-goma, wanda ba zai iya ba ya ce ya haƙura kuma in ya haƙura ba ya dawowa. Wanda tayinsa ya tsaya shi zai zaɓi babban gida, wato gidan da ko 9 ɗinsa ta fi A na sauran gidaje. Sai abokinsa ya miƙo masa kati a rufe, wasu uku suke yi wasu huɗu, ku dai daidaita tun kafin a fara, shi kuma ya duba ya mayar masa da adadin da ya karɓa. In kai ne abokin, kada ka yi rowa, 'yan babban gida da A za ka tura masa.

Na huɗu, baje koli. Kowa zai sauke katunan da suka haɗu suka ba da maki a kan tabarma ko tebur kowa ya gani a rubuta. Ga farashin:

Jere, wato A, 10, K, Q, J na babban gida, 150. Aure, wato K da Q na gida ɗaya, 20, in na babban gida ne 40. Tara ta babban gida 10. A huɗu, ɗaya daga kowane gida, 100, K huɗu 80, Q huɗu 60, J huɗu 40. Sai shi pinokul ɗin da wasan ya ci sunansa, Q ta mashi da J na zi, 40. In Allah ya ba ka biyu-biyu, Q ta mashi biyu da J na zi biyu, ba 80 ba ne fa, 300 ne cur.

Kati ɗaya na iya yin aiki fiye da sau ɗaya in nau'in haɗin daban ne. Q ta mashi ita ce 'yar gata, za ta yi aure da K na mashi, ta shiga cikin Q huɗu, sannan ta haɗu da J na zi ta ba da pinokul, duk a hannu ɗaya. Amma K da Q da ke cikin jere ba a sake lissafa su a matsayin aure, kada wani ya yi maka wayo.

Bari in nuna yadda lissafin tayin yake. Ka ce an raba maka A, 10, K, Q, J da 9 na kubi, da Q ta mashi, J na zi, A na zi, A na ganye uku, sai wasu 9 guda biyu marasa amfani. In kubi ya zama babban gida kana da 150 da 10 da 40, 200 ke nan tun ba a jefa kati ko ɗaya ba. To in ka taya 300, saura 100 kawai za ku nemo a fagen wasa, ga kuma ɗan abin da abokinka zai baje. Wannan hannun ko an ja ka zuwa 350 ba ka yi ganganci ba. Amma wanda ke da aure ɗaya na 20 ya tashi yana taya 320 don kawai kada a raina shi, shi da abokinsa yake jawo wa.

Na biyar, kowa ya kwashe katinsa a shiga wasa. Mai tayi ke fara jefawa, sauran su bi ta hagu. Dokokin uku ne kuma babu sassauci: dole ka bi gidan da aka jefo in kana da shi, dole ka ɗara katin da ke kan gaba in kana da wanda ya fi shi, in kuma ba ka da gidan kwata-kwata dole ka sa ɗan babban gida. Sai in duk babu ne za ka yar da abin da ka ga dama. Wanda katinsa ya fi shi ke kwashe huɗun ya kuma fara zagaye na gaba. Tunda kowane kati yana da tagwai, in iri ɗaya suka haɗu wanda aka fara jefawa ne ya ci. Shi ya sa in kana da A guda ɗaya tal a wani gida ka yi maza ka fitar da shi da zarar jefawa ta zo hannunka, in ka tsaya jan ƙafa wani ya riga ka jefa nasa, naka zai bi bayansa a banza har da kyautar maki goma.

Wata dabarar kuma, in ka ga abokinka ne zai ci zagayen to ka ɗora masa K ko 10, in abokan hamayya ne ka jefa musu 9 ko J su tafi da ƙaiƙayi. Mai tayi kuma yakan fara da jan 'yan babban gida don ya zazzage na hannun mutane, 12 ne gaba ɗaya, ka dinga ƙirgawa a ranka.

Na ƙarshe lissafi. Bayan zagaye 12 kowane ɓangare ya duba abin da ya kwaso, duk A da 10 da K maki goma-goma ne, Q da J da 9 ba su da komai, wanda ya ci zagayen ƙarshe yana da ƙarin 10. Jimilla 250. Masu tayi su haɗa wannan da abin da suka baje, in ya kai tayin a rubuta musu duka, in ya gaza ko da goma ne ba su da komai, sannan a cire adadin tayin daga makinsu, har ƙasa da sifili mutum na iya komawa. Ɗaya ɓangaren su ma sai sun ci aƙalla zagaye ɗaya kafin abin da suka baje ya zauna. Ana ta rabawa har wani ɓangare ya kai 1500, in kuma duka biyun suka haye a rabo ɗaya to masu tayi ne suka ci.