Alwashin talauci a wasan D&D: inda muke yawan tuntuɓe da yadda ake gyarawa

Ranar Asabar bayan la'asar muke haɗuwa a zauren gidanmu da ke Fadaman Mada a Bauchi, mu biyar. Ni ne mai jan labari, sauran huɗun kowa da jaruminsa a rubuce a takarda. Wasan Dungeons & Dragons muke yi, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, kuma bugun 3.5 muke bi. Ga wanda bai taɓa gani ba, tatsuniya ce da ake ƙagawa tare, dayis mai fuska 20 ke raba gardama, babu caca a ciki ko ta sisin kwabo.

A duk dokokin wasan nan babu wadda ta taɓa jawo mana ka-ce-na-ce kamar alwashin talauci. Yana cikin littafin Book of Exalted Deeds da kamfanin Wizards of the Coast ya buga a 2003, da sunan Vow of Poverty. Jarumi ya yi alkawarin ba zai mallaki komai ba, ba zai yi amfani da kayan duniya ba, sai 'yan abubuwan da aka lissafa masa: tufafi marasa ado, da hula da takalmi in ya so, makami mai sauƙi wanda ba na sihiri ba kuma ba ƙirar gwanaye ba, abincin yini guda a cikin jaka, da 'yar jakar kayan haɗa sihiri. Ladan da yake samu shi ne ƙarfin da wasu ke saye da zinare, shi a jikinsa yake tsirowa. Jarumi a wasan mataki-mataki yake hawa yana ƙara ƙarfi. Tun a matakin farko kariyarsa tana ƙaruwa da 4, a mataki na 3 zafi da sanyi su daina damunsa, a na 5 ya daina buƙatar ci da sha, a na 12 ko numfashi ba ya buƙata.

Dalilin wannan lada shi ne bugun 3.5 an gina shi a kan dukiya. Ana sa ran jarumin mataki na 5 yana da kaya na kimanin zinare 9,000, na mataki na 10 kuma 49,000. Wanda ya yafe wannan duka dole a rama masa ta wata hanya, in ba haka ba dodon farko zai gama da shi. Wanda ya riƙe wannan dalili a ransa, rabin gardamar ta mutu tun kafin a fara ta.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa a wurin rabon ganima yake. Ƙanena ne ya fara ɗaukar alwashin a teburinmu, da jaruminsa na ajin monk, masu faɗa da hannu. Wata Asabar suka fatattaki 'yan fashi a wani kogo, suka buɗe akwati suka tarar da zinare 4,000. Kafin in rufe baki wani abokinmu ya ja fensir ya fara lissafi. Ya ce, "Shi ai ba ya so, a raba uku." Ƙanena ya dube ni ya ce, "Yaya, haka ne?" Na ce a'a. Littafin da kansa ya hana wannan fahimta: samun mai alwashi a cikin ayari ba ya nufin kason sauran ya ƙaru. Yana karɓar 1,000 ɗinsa cif, sannan mafi yawansa ya tafi ga mabukata, ko hannu da hannu ko ta hannun wata cibiyar taimako da ke cikin labarin. Idan aka raba uku, an yi ɓarna biyu. Sauran jarumai sun yi kuɗi fiye da yadda aka auna musu, shi kuma mai alwashin an ƙwace masa rabin ma'anar abin da ya ɗauka, domin dokar tana neman ya tsananta wajen kyauta kamar yadda ya tsananta wajen hana kansa.

Gyaran yana hannun mai jan labari. Ka tanadi inda kuɗin zai je tun kafin a same shi, kuma ka bar shi ya haifar da wani abu. A namu labarin kason ya tafi haƙa rijiya a wani ƙauye da fari ya ci. Bayan makonni, da jaruman suka dawo a jigace ana bin sawunsu, mutanen ƙauyen ne suka ɓoye su a rumbu. Tun daga ranar babu wanda ya sake cewa a raba uku.

Na biyu shi ne dabarar "riƙe mini". Mai wasa ya karɓi kasonsa ya miƙa wa abokin tafiya, wai kyauta ce, amma kowa a zauren ya san gobe zai ce a sayo masa kaza da kaza da shi. Mu da muka tashi muna ganin ajiya da amana mun san bambancin kyauta da ajiya: abin da ka bayar kana da ikon cewa a dawo da shi, naka ne har yanzu. Tambayar da nake yi ke nan duk lokacin da aka kawo mini irin wannan: wa ke da ta cewa a kan abin? In mai alwashin ne, an karya. Aro ma haka yake. Dokar ta fito fili cewa ba zai ari alkyabbar sihiri ko wani kayan sihiri daga abokinsa ba ko na zagaye ɗaya na faɗa, kuma ba zai ɗauki sandar sihiri ko takardar sihiri ya yi aiki da ita da hannunsa ba.

Sai dai akwai masu zarcewa ta ɗaya gefen, kuma wannan ya fi ba ni tausayi, don da kyakkyawar niyya ake yinsa. Wani dare NEPA ta ɗauke wuta, muna haska takardu da fitilar waya, jarumin ƙanena ya rage masa maki 3 na rai. Abokinsa ya ciro kwalbar maganin warkarwa ya miƙa masa. Ƙanena ya ture farantin masa gefe, ya girgiza kai, ya ce, "Ba zan sha ba, kayan sihiri ne." Ya yarda jarumin da ya yi wata huɗu yana rainonsa ya mutu a kan abin da dokar ba ta nema ba. Na buɗe shafin na karanta masa: an halatta masa ya amfana da kayan sihirin da wani ya yi amfani da shi dominsa, har an kawo misalin shan maganin da aboki ya ba shi, da karɓar sihirin da wani ya saki daga sanda ko takarda, da hawa abin hawan sihiri na abokin tafiya. Abin da ba zai yi ba shi ne ya jefa kwalbar a jakarsa don gaba. Ya sha a nan take, muka ci gaba.

Maganar makami gajeriya ce. Mutane suna zaton sanda kaɗai aka yarda, alhali duk makamin da ke rukunin masu sauƙi ya halatta: wuƙa, mashi, kulki, majajjawa. Takobi ba ya cikin rukunin, sulke da garkuwa kuma ba sa cikin jerin ko kaɗan.

Inda dokar ta yi shiru ne ake samun rigima ta gaske. Jarumin ajin kilerik, wato mai hidimar addini a cikin labarin, yana buƙatar alamarsa ta ibada don sihirce-sihirce da yawa, ta katako zinare 1 ce kacal, amma ba ta cikin jerin abin da aka yafe. Na ajin wizad, mai koyon sihiri ta hanyar karatu, ba ya iya shirya yawancin sihirinsa sai da kundinsa, shi ma ba ya ciki. Mai jan labarin da ya bi harafi zalla zai gurgunta aji biyu. Ni ra'ayina a bar alamar katako, don ba ta ƙara wa kowa ƙarfi, aikinsa kawai take ba shi damar yi. Kundin wizad kuwa dukiya ce mai tsada da ke ƙaruwa da kowane shafi, shi ya sa nake ba wanda ke son sihiri da alwashi shawara ya ɗauki ajin sosara, mai sihirin da ke cikin jininsa, wanda ba ya buƙatar kundi. Wani teburin zai yanke saɓanin haka, kuma babu laifi. Laifin shi ne a bari sai tsakiyar faɗa sannan a fara yanke hukunci.

Kayan haɗa sihiri masu tsada kuma littafin ya kawo mafita biyu da mutane ke mantawa. Ko ya roƙi abokan tafiya, ko ya biya da makin ƙwarewarsa, wato makin da jarumi ke tarawa don hawa mataki, maki 1 a madadin zinare 5. Sihirin da ke cin garin lu'ulu'u na zinare 250 zai ci masa maki 50 ke nan.

Akwai kuma kuskuren lokaci. Alwashin talauci baiwa ce, wato iyawa ta musamman da mai wasa ke zaɓar wa jaruminsa a wasu matakai, kuma kafin shi sai an fara ɗaukar wata baiwa mai suna Sacred Vow, kuma jarumin dole ya kasance na kirki a ɗabi'a. Jarumi ɗan Adam yana da zaɓin baiwa biyu a matakin farko, don haka zai iya haɗa su tun ranar farko, yawancin sauran jinsuna kuwa sai mataki na 3. Wannan yana da nauyi, domin ƙarin baiwowin da alwashin ke bayarwa ba a biyan bashinsu. Wanda ya shigo a mataki na 9 zai samu sauran ladan matakinsa, amma baiwowin matakan baya sun wuce shi.

Kada kuma mai jan labari ya tsorata da dogon jerin ladan ya fara ƙuntata wa mai alwashi. A matakan farko yana da ƙarfi, gaskiya ne. A gaba kuwa shi ne abin tausayi, don babu tashi sama a cikin jerin. Abokansa za su sayi abin da zai ɗaga su, shi yana ƙasa da sandarsa yana kallon dodo mai fiffike. In kana da irinsa a teburinka, ka riƙa sa faɗan a inda ƙafa za ta kai, ko ka bar abokansa su ɗauke shi. Sannan wanda ya zo da dokar Pathfinder, inda monk mai irin wannan alwashi ke iya riƙe abubuwa shida, a gaya masa da daɗin rai cewa wannan wani wasa ne daban, ba a cuɗa su.

Na bar mafi zafi a ƙarshe. Wanda ya karya alwashin ya rasa ladan nan take, har abada, kuma ba a ba shi wata baiwa a madadin. Saboda tsananin wannan hukunci ne nake ganin zalunci ne mai jan labari ya riƙa ɗana tarko, a ce ɓarawo ya jefa masa zobe a jaka yana barci, ya farka an ce ya karya. Wasu alwasan da ke cikin littafin sun bambanta ganganci da tilas, inda wanda aka tilasta wa ke rasa ladan na ɗan lokaci har ya yi kaffara. Mu mun aro wannan muka sa a alwashin talauci. Kuma duk lokacin da mai wasa ya miƙa hannu ga abin da zai karya masa alkawari, nakan dakatar da wasan in ce, "Malam, ka san abin da wannan zai jawo?" In ya ce ya sani, sai dayis ya ci gaba da aikinsa.

Yanzu duk wanda zai ɗauki alwashin a zaurenmu, ni da shi mukan zauna minti goma kafin sauran su iso. Mu rubuta a bayan takardar jaruminsa abin da ke cikin jakarsa ɗaya bayan ɗaya, inda kasonsa zai riƙa zuwa, hukuncin alamar katako, da abin da zai faru in an tilasta masa. In sauran sun zo a karanta musu, kowa ya ji da kunnensa, sannan a zuba shayi a fara.