Koyar da Yaro Mai Ƙiriniya a Gida: Abin da Nake Faɗa wa Sababbin Zuwa

Wata biyar da saukarmu Ingila na yanke shawarar koyar da ɗana a gida. Shekararsa shida a lokacin. Kusan kullum in na je ɗauko shi sai malamarsa ta ja ni gefe: yau ma bai gama aikinsa ba, ya tashi daga kujera ya fi a ƙirga, ana karatu shi yana kallon taga. Yaron da na sani da surutu ya koma shiru, gari na wayewa kuma sai ya ce cikinsa na ciwo. Shekara biyu muka yi a gida kafin ya koma aji. Tun daga nan mata sababbin zuwa suke yawan tambayata yadda abin yake, kuma akasarinsu irin ɗan nawa gare su, wanda ko ƙuda ne ya gifta ya tafi da hankalinsa.

'Yar uwa, kafin ki sayi littafi ko guda, ki fara sanin dokar ƙasar da kike, domin a nan ne baƙo ke faɗawa rami bai sani ba. A Jamus koyar da yaro a gida a madadin makaranta haramun ne, ana cin tara, kuma a 2019 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta goyi bayan hukumomin ƙasar a shari'ar wasu iyaye da suka ƙi kai 'ya'yansu makaranta. A Faransa karatu ya zama dole tun yaro yana shekara 3, kuma daga 2022 sai an nemi izini tukuna, bisa dalilai ƙayyadaddu irin su rashin lafiya ko nisan makaranta. A Amurka halal ne a duk jihohi 50, amma kowace jiha da nata tsarin: a New York sai kin sanar a rubuce, kin miƙa tsarin karatun shekara, kina kuma aika rahoto sau huɗu a shekara, alhali Texas ba ta neman rahoto irin wannan. A Ingila Dokar Ilimi ta 1996 ta ɗora wa iyaye nauyin ba yaro ilimi cikakke wanda ya dace da shekarunsa da fahimtarsa, ko a makaranta ko ta wata hanya. Idan an riga an yi masa rajista, sai ki rubuta wa shugaban makarantar a cire sunansa. Kada ki daina kai shi kawai ki yi shiru, domin za a rubuta shi a matsayin mai fashin makaranta, tara kuma ta biyo baya. Idan makarantar masu buƙata ta musamman yake, sai da amincewar ƙaramar hukuma. A Sikotilan kuwa, ko makarantar gwamnati ta yau da kullum ce sai kin nemi amincewarsu kafin ki cire shi. Ƙa'idojin nan kan sauya, don haka ki buɗe shafin hukumar yankinki ki karanta da idonki, kada ki dogara da abin da wata ta ji a bakin wata.

To, a ce doka ta ba ki hanya. Tambayar da ta fi wuya ita ce, me ya sa yaron ba ya natsuwa? Ni na yi kuskure a nan, na ɗauka rashin ji ne, na kuma yi ta faɗa. Sai daga baya na zauna na lissafa abin da aka ɗora wa ɗan shekara shida cikin watanni kaɗan. An raba shi da kakarsa da abokan wasansa. An sa shi a ɗaki da mutane talatin masu magana da wani irin Turanci mai sauri wanda kunnensa bai saba da shi ba. Da hunturu ya shigo, ƙarfe huɗu na yamma duhu ya yi, ba fita, ba guje-guje. Babba ma in aka zaunar da shi awa shida ana yi masa magana da harshen da rabi kawai yake kamawa, taga zai kalla. Yaro da yawa da ake cewa ba ya maida hankali, gaskiyar magana bai gane abin da ake faɗa ba ne, kuma ba shi da bakin da zai bayyana hakan.

Saboda haka ki fara da jikinsa. A duba idonsa, kuma a Ingila gwajin ido kyauta ne ga yaro ɗan ƙasa da shekara 16. A duba kunnensa, domin ruwa kan taru a bayan dodon kunnen ƙananan yara bayan mura, jinsu ya ragu ba tare da ciwo ba, sai a ga kamar ana magana suna share mutum. Sai barci: masana sun ce ɗan shekara 3 zuwa 5 yana buƙatar awa 10 zuwa 13 a yini, ɗan 6 zuwa 12 kuma awa 9 zuwa 12. Yaron da barci bai ishe shi ba sau da yawa ba gyangyaɗi yake yi ba, zabura yake ƙara yi. A gidajenmu na baƙi, inda uba ke dawowa aiki da dare, ko ake raba dare ana waya da dangi saboda bambancin lokaci, barcin yara ne ke fara lalacewa.

Akwai kuma lalurar da likitoci ke kira ADHD, wato ƙarancin natsuwa da yawan motsi wanda ya wuce na sa'o'in yaro. Ba a yanke hukuncinta da kallo ɗaya. Sai alamun sun kai wata shida, sun bayyana a wuri fiye da ɗaya, suna kuma kawo cikas na gaske. Ina roƙonki kada ki ji kunyar kai wannan magana gaban likita, kada kuma tsoron a maƙala wa ɗanki suna ya sa ki ɓoye shi a gida. Wannan ne abin da ya fi damuna. Na ga iyayen da suka cire yaro daga makaranta ranar da aka ambaci gwaji, suka ce za su koyar da shi da kansu, alhali gudun maganar suke yi. Lalurar ba ta tafiya don an rufe ƙofa. Ga ƙananan yara ma, abin da likitocin yara na Amurka ke ba da shawarar a fara da shi shi ne horar da iyaye dabarun tafiyar da halin yaron, kafin a zo maganar magani.

Yanzu karatun kansa. Makon farko na shirya jadawali daga ƙarfe tara zuwa uku, har da ƙararrawa a wayata. Kwana uku ya rushe, ni da shi duka muna kuka. Abin da ban gane ba shi ne, yawancin lokacin makaranta yana tafiya ne wajen tafiyar da yara talatin: jera layi, rabon littattafai, jiran wanda bai gama ba. Ke da yaro ɗaya, awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi na karatu na gaske ya wadatar da ɗan shekara shida, kuma ba a zama ɗaya ba. Mu minti goma muke yi, mu tashi. Da farko ma minti biyar ne. Na sayi ɗan agogon yashi na ajiye a gabansa, domin yaro bai san mene ne minti goma ba, amma yana ganin yashi na ƙarewa, ya san wahalar tana da iyaka. In yashin ya ƙare, mun tashi ko da bai gama ba. Wannan alƙawari ban taɓa karya shi ba, kuma shi ya sa ya yarda ya riƙa dawowa.

Abu mai wuya, wato karatu da lissafi, da safe muke yi bayan ya motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 yana buƙatar aƙalla minti 60 na motsa jiki sosai kowace rana, ni kuwa na ga irin nawa yana buƙatar rabonsa tun kafin ya riƙe fensir. Ko ana yayyafi sai mu sa riguna mu zaga filin wasan unguwa. Teburin karatu na juya shi ya fuskanci bango, ba taga ba. A kansa abu ɗaya kawai: takarda ɗaya, fensir ɗaya. Shafin lissafi mai tambaya ashirin nakan naɗe shi ya ga huɗu kacal. Umarni ma ɗaya bayan ɗaya, ina kusa da shi, na dafa kafaɗarsa, sannan in ce ya maimaita min abin da na faɗa. Kuma na daina cewa sai ya zauna. Yana tsaye ya koyi haruffa, yana tsalle a matakalar bene ya koyi ƙirga bibbiyu. Talabijin da waya sai bayan an gama, domin duk ranar da ya fara da su, takarda ba ta da sauran armashi a idonsa. Wayata ni ma a wani ɗaki take kwana har mu tashi.

Maganar Turanci tana buƙatar kulawa ta daban. Mu da muka koyi karatun Hausa mun saba harafi ya faɗi sautinsa, abin da ka gani shi za ka furta. Turanci ba haka yake ba: haruffa 26 ne ke ɗauke da sautuka kusan 44, harafi ɗaya ya yi sauti uku, wani kuma a rubuta shi ba a furta shi. Makarantun Ingila suna koyar da wannan ta hanyar da suke kira foniks, wato sauti da sauti bisa tsari. Ki nemi tsari guda ki bi shi daga farko zuwa ƙarshe, kada ki yi ta tsalle daga wannan bidiyo zuwa wancan, domin yaron da hankalinsa ke yawo ya fi kowa buƙatar hanya ɗaya. Hausarsa kuwa kada ki taɓa ta. Harshe biyu ba ya rikita yaro, ba ya kuma kawo rashin natsuwa. Ni in lissafi ya cije masa, da Hausa nake warware masa, in ya gane sai mu mayar da shi Turanci.

Ranar da ranki ya ɓaci, kuma za ta zo, ki tashi ki bar ɗakin. Dukan yaro haramun ne gaba ɗaya a Suwidin tun 1979, a Jamus tun 2000, a Faransa tun 2019, a Sikotilan tun 2020, a Wales tun 2022. A Ingila ma duk dukan da ya bar shaida a jiki na iya kawo jami'an kula da yara ƙofar gidanki. Ban da doka, yaron da ke tsoron hannunki hannun yake kallo, ba takarda ba. Yabo a kan lokaci ya fi min aiki nesa ba kusa ba, amma yabo mai suna: na ga ka gama layin nan ba ka tashi ba.

Maigida, wannan nauyi ba na matarka ba ne ita kaɗai. Ko minti goma sha biyar ka karanta masa labari kafin barci, ka ɗauke shi ranar hutunka ta samu ta numfasa. Mace baƙuwa a gari, ba dangi kusa, tana kulle da yaro mai ƙiriniya daga safe har dare, ita ma lafiyarta abin dubawa ce.

Abin da gida ba zai iya ba shi ba shi ne yara. Ɗan baƙi a bakin sa'o'insa yake kama harshen gari, a wurinsu yake koyon jiran layi da rabon abin wasa. In kin cire shi daga aji, dole ki biya masa wannan ta wata hanya, kuma da gangan. Laburaren unguwa kyauta ne, galibi suna da lokacin karanta wa yara labari. Akwai ƙungiyoyin iyaye masu koyarwa a gida a Facebook, suna haɗuwa a filayen wasa da tsakar mako. Akwai darasin ninƙaya da ƙwallo. A Landan manyan gidajen tarihi na gwamnati ba a biyan kuɗin shiga, mu kuwa ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe sun koya wa ɗana karanta dogayen kalmomi fiye da duk katunan da na yanka masa. Na sa wa kaina doka: kwana uku a mako sai ya yi wasa da yaran da ba na gidanmu ba.

Ki ajiye littafi guda kina rubuta kwanan wata da abin da kuka yi, ko layi biyu ne, ki kuma adana wasu daga cikin takardunsa. In jami'in ilimi ya rubuto yana tambaya, kina da abin nunawa, ki amsa masa cikin mutunci kuma a kan lokaci. Littafin nan ne kuma na ɗauka na kai wa sabuwar malamarsa ranar da ya koma makaranta yana ɗan shekara takwas. Ta karanta, ta sa kujerarsa a gaba nesa da taga, ta kuma ba shi aikin rabon littattafai domin ya samu dalilin tashi.